Kullum daga Kaduna nake zuwa lacca a Samaru, ƙarfina ya kusa ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni magidanci ne ɗan shekara 38, ina da mata da 'ya'ya huɗu, muna zaune a Kaduna inda nake da ɗan shagon kayan masarufi. Shekaru bayan na kammala karatun malanta na NCE, Allah ya ba ni gurbin karatun digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, Zariya. Kullum ina fita bayan sallar asuba, in hau mota a Kawo, in sauka a Kwangila, in sake hawa wata zuwa bakin jami'a, kuma sai bayan isha'i nake shiga gida. Kuɗin mota ya cinye ribar shago, ina gyangyaɗi a aji, laccar ƙarfe 8 tana yawan wuce ni, sakamakon zangon farko ma bai yi mini daɗi ba. Ba na son in ajiye karatun, ba kuma zan iya kwaso iyali zuwa Zariya ba. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya albarka a wannan himma. A aikinmu na ba ɗalibai shawara muna yawan haɗuwa da magidanta da matan aure masu irin wannan hali, kuma kusan dukkansu sukan zo suna zargin kansu da kasala ko da tsufan ƙwaƙwalwa. Kafin ka yanke wa kanka wannan hukunci, ina so mu fara yin lissafi tare.

Tsakanin Kaduna da Zariya akwai kimanin kilomita 80, wato kana cin kilomita 160 a rana, 800 a mako. Idan aka haɗa fitowa daga gida, da jiran mota ta cika a tasha, da tafiyar kanta, da sauka a Kwangila a nemi ta Samaru, da takawa daga ƙofar jami'a zuwa tsangayarku, da wuya tafiya ɗaya ta gaza awa biyu. Awa huɗu ke nan a rana, awa 20 a mako, kuma a zangon karatu mai kimanin mako 15 na lacca, awa 300. A tsarin jami'o'in ƙasar nan ɗalibi yakan yi rajistar kwasa-kwasan da jimillar nauyinsu take tsakanin 15 da 24 a zango, kowane ɗaya cikin wannan nauyi kuwa yana daidai da laccar awa guda a mako. Ma'ana, lokacin da kake shafewa a hanya ya kai yawan lokacin da kake zaune a aji, wataƙila ma ya fi. Saurayin da yake kwana a cikin makaranta, wanda kake gwada sakamakonka da nasa, yana da waɗannan awoyi 20 a hannunsa kowane mako, ya yi barci da su ko ya yi bita. Saboda haka gyangyaɗin da kake yi abu ne da zai sami kowa idan aka ɗora masa irin wannan kaya.

Shawarata ta farko, wadda na fi ba muhimmanci a kan duk sauran, ita ce ka rage yawan tafiyar. Dabarun karatu a cikin mota suna da ɗan amfaninsu, zan kuma zo kansu, amma ba za su dawo maka da barcin da ka rasa ba, ba kuma za su mayar da kuɗi aljihunka ba. Ka ce ba za ka iya kwaso iyali ba, na kuma yarda da kai. Sai dai tsakanin ƙaura da zirga-zirgar kullum akwai hanya ta uku, wato ka nemi wurin kwana a Samaru na dare biyu ko uku a mako. Ɗauki jadawalin laccocinku ka duba ranakun da suka fi nauyi, musamman waɗanda ake tashi da yamma lis sannan washegari a shiga aji ƙarfe 8. Irin wannan daren bai kamata ya same ka a hanya ba. Idan, misali, ka zo Litinin da safe ka kwana biyu, ka koma gida Laraba da yamma, ka dawo Alhamis ka kwana ɗaya, ka koma Juma'a, tafiyarka ta sauko daga goma zuwa huɗu a mako, ka kuma tsira da awa 12.

Batun kuɗin ma ka auna shi da alƙalami. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Rubuta abin da kake kashewa a rana guda tun daga Keke ko acaɓan unguwarku har zuwa bas ɗin Samaru, zuwa da dawowa, ka haɗa da abincin da kake saya a hanya, sannan ka ninka shi da yawan ranakun zango. Daga nan ka shiga Samaru, ko Hayin Dogo, ko Bomo, ko Zango, ko Palladan, ka tambayi kuɗin hayar ɗaki na shekara, ka raba shi gida biyu ko uku. A yawancin lokuta za ka tarar da rabonka na hayar bai kai abin da kake zubarwa a hanya ba. Ɗakunan kwanan da ke cikin jami'a sun fi araha, amma ba sa isar ɗalibai, don haka sai an nema da wuri ta ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kada kuma ka raɓe a gadon wani ba bisa ƙa'ida ba, domin mutum mai shekarunka bai kamata ya tsaya gaban kwamitin ladabtarwa a kan makwanci ba. Idan kana da ɗan'uwa a Tudun Wada, ko Sabon Gari, ko cikin Birni, wannan ma mafita ce, muddin ka shiga da ɗan abin cefane a hannu, ka kuma faɗi ranakun zuwanka tun farko.

Na san abin da yake hana magidanta da yawa karɓar wannan shawara. Mutum yana da gidansa da girmansa, sai a ce ya shimfiɗa katifa a ƙasa cikin yaran da ya girme wa da shekara ashirin. Wannan kunya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Maganinta shi ne ka nemi sa'o'inka. A kusan kowane sashe akwai malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da suke tahowa daga Giwa, Makarfi, Soba, Funtuwa ko Kadunan, masu fama da abin da kake fama da shi. Ku uku kuna iya kama ɗaki ɗaya, da tabarma da buta da risho, ku zama kuma abokan bita da dare.

Wannan tsari ba zai yiwu ba sai da yardar uwargida, don haka ka zauna da ita ka nuna mata lissafin kamar yadda na nuna maka. A halin da ake ciki yanzu kana fita yara ba su tashi ba, kana dawowa sun yi barci, abin da ake samu daga gare ka shi ne gajiya kawai. Dare huɗu da za ka kwana a gida da sauran ƙarfi a jikinka sun fi musu amfani. Ku tsara kuɗin cefanen mako tun ranar Lahadi, ku san wanda za a kira cikin dangi ko maƙwabta idan yaro ya tashi da zazzaɓi da dare, shagon kuma a sami amintacce ya riƙe shi da littafin shige da fice da za ka riƙa dubawa kowace Asabar.

Sai kuma ɓangaren makarantar kanta. A kowane aji akwai malamin da aka ɗora wa kula da rajistar ɗalibai; je ka same shi a ofis a farkon zango ka gaya masa halinka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tambaye shi waɗanne kwasa-kwasai ne wajibi, waɗanne ne na zaɓi, sannan cikin na zaɓin ka ɗauki waɗanda laccarsu ta faɗo a ranakun da dama kana Samaru. Kada ka cika nauyin har 24 don kawai a gama da wuri. A ganina ƙara zango ɗaya a kan shekarun karatu ya fi sauƙi a kan tara kwasa-kwasan da aka faɗi, waɗanda za su riƙa cin karo da sababbi a jadawali suna kuma jan sakamako ƙasa. Ka tuna ƙa'idar da aka saba da ita ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin ya cancanci zama jarrabawa, kuma gwaje-gwajen tsakiyar zango suna ɗauke da maki mai tsoka, wasu malaman ma ba sa sanarwa kafin su yi. Laccar ƙarfe 8 da take wuce ka tana iya zama ita ce ta ci maka makin zangon farko. Ka riƙe wakilin ajinku da kyau, ka kasance cikin zauren WhatsApp na aji, ka duba shi kafin ka biya kuɗin mota, domin babu takaici irin mutum ya sauka a Kwangila sannan ya ga sanarwar an ɗage lacca.

Tafiye-tafiyen da suka rage kuwa, ka bambanta ta safe da ta yamma. Da safe ƙwaƙwalwa tana da sauran sarari, amma ba na ba ka shawarar buɗe littafi a mota. Idan ido ya kafe a kan takarda yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune ake, alhali sashen kunne na ciki mai kula da daidaiton jiki yana shaida mata ana tafiya ana girgiza, wannan saɓani ne yake kawo jiri da tashin zuciya da ciwon kai, sai ka isa aji a galabaice. Ka yi aiki da kunne. Bayan kowace lacca ka ɗauki muryarka a waya na minti biyar zuwa goma kana bayyana abin da aka koyar da kalmominka, ko da da Hausa ne, ka haɗa da 'yan tambayoyi kana barin ɗan shiru bayan kowace. Washegari idan motar ta bar Rigachikun sai ka sa abin sauraro a kunne, ka riƙa amsa tambayoyin a zuci kafin muryar ta ba da amsa. Masana ilimin koyo sun daɗe da tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu da kai, a rarrabe cikin kwanaki, ya fi maimaita karanta shi zaunar da shi. Idan muryar malami kake son ɗauka, ka nemi izininsa tukuna. Tafiyar yamma kuwa ka bar ta ta zama hutu, ka yi zikirinka, ka kira gida, ko ka runtsa idan jakarka tana kan cinyarka.

Babban mutum yana buƙatar barcin aƙalla awa bakwai, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, shi ya sa raba dare ana karatu bayan an dawo daga irin wannan tafiya yake zama asara biyu. Goro da shayi mai kauri da kofi da lemukan ƙara kuzari suna ɓoye gajiyar ne na ɗan lokaci, sinadarin da ke cikinsu kuma yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka ka tsayar da su daga la'asar. Kada ka fita da cikinka wayam. Ko koko da ƙosai ne ka karya, ka riƙe gorar ruwa. Bayan azahar ka sami inuwa ka yi ƙailula ta minti 20. Awoyin da ke tsakanin lacca da lacca kuma ka kai su ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ka gama aikin gida a can, domin idan ka shiga gidanka a Kaduna lokacin na iyali ne. Idan ka gyara barcin amma har yanzu kana gyangyaɗi da rana, ko ana ce maka kana minshari mai yankewar numfashi, ko kana tashi da ciwon kai, ka je asibitin jami'a a duba hawan jini da suga.

A ranakun komawa ka yi ƙoƙari ka bar Zariya da sauran rana. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da ruwan Agusta suna rage wa direba gani, manyan motoci kuma sun fi yawa a hanyar da dare. Idan ka ga direba yana gudun wuce sa'a ko yana danna waya, ka yi magana, sauran fasinjoji za su mara maka baya. Makonnin jarrabawa kuwa babu zancen zirga-zirga sam. Ka tare a Samaru tun kwana biyu kafin takardar farko har a gama, domin tayar mota ɗaya da ta fashe a Jaji ta isa ta jawo maka maimaita kwas na shekara guda.

Ta fuskar kuɗi, ka duba asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya, babu ruwa a kansa, amma bashi ne da za a biya bayan kammalawa, don haka ka karanta sharuɗɗan da kyau kafin ka cike.

Ka gwada wannan tsari na zango guda cikakke, sannan ka auna da sakamakonka da lafiyarka da littafin shago. Idan duk da haka abin ya faskara, akwai Cibiyar Karatu Daga Nesa ta ita Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, mai cibiya a Kaduna, sai ka bincika ko suna da fannin da kake karantawa. Idan kuma hutun shekara guda kake buƙata don ka farfaɗo da shago, kada ka ɗauke ƙafa haka kawai, domin rashin yin rajista ba tare da izini ba yana iya sa a cire sunanka. Ka rubuta takardar neman jingine karatu ta hannun shugaban sashenku, ka jira amincewa a rubuce, ka kuma adana kwafinta.