Ta Ci Bashina Ta Yi Anko: In Na Nemi Kuɗina Na Yi Zunubi?

TAMBAYA: Mama, ina gaisuwa cikin sunan Almasihu. Ni tela ce a wajen Ƙofar Ƙaura, Katsina. Bara da na kwashi adashi, wata 'yar'uwa da muke Zumuntar Mata tare ta zo mini da kuka, ɗanta na kwance a asibiti. Na ranta mata naira 80,000 a kan za ta biya da kaka. Yau wata goma ke nan, ko kwabo, ni kuma ban taɓa yi mata maganar ba. Makon jiya na gan ta a wurin biki cikin sabon anko. Tun ranar, in aka zo wurin roƙon gafara a Addu'ar Ubangiji sai bakina ya yi nauyi. Fasto ya yi mana wa'azin gafara bakwai har sau saba'in. In na nemi kuɗina na yi zunubi? Keken ɗinki na biyu nake tara wa kuɗin.

AMSA: Ɗiyata, sannu da haƙuri. Neman kuɗinki ba zunubi ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki shi ne wannan shiru na wata goma. Kin ɗauka haƙuri kike yi, alhali gaba ce kike dafawa a hankali, har ta kai ki ga ƙirga zanen da ke jikin 'yar'uwarki. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ina tabbatar miki ta daɗe da karanta taki.

Mu koma wurin da fasto ya karanta, Matiyu 18. Bayan Yesu ya ba Bitrus amsar nan ta gafara bakwai har sau saba'in, sai ya kawo misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti dubu goma, shi kuma ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, kamar yadda muka gani a sura ta 20, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Ke nan dinari ɗarin nan ba abin rainawa ba ne, guminsa ne na fiye da wata uku, kamar dai adashinki. Yesu bai ce babu bashi ba. Laifin bawan shi ne shaƙar wuya da jefa mutum kurkuku bayan ya durƙusa yana roƙon a ɗaga masa ƙafa. Kuma a wannan surar dai, aya ta 15, kafin a zo batun saba'in ɗin, aka ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi, kai da shi kaɗai. Mun fi son haddace ayar gafara, ta zuwa gida kuwa mu tsallake ta, don ita ce mai wuya.

Ita ma mai cin bashin, Littafi Mai Tsarki bai sake ta ba. Zabura 37:21 ta kira wanda ke ci ba ya biya mugu. Gwauruwar nan ta 2 Sarakuna 4, da Allah ya cika mata tuluna da mai, abu na farko da Elisha ya ce mata shi ne ta sayar ta biya bashinta, sannan ita da 'ya'yanta su ci saura.

Akwai wata doka a Maimaitawar Shari'a 24 da nake ƙauna ƙwarai. Wanda ya ba da rance ba zai kutsa ɗakin mai bashi ya ɗauko jingina ba, sai ya tsaya a waje a kawo masa. Ba zai karɓi dutsen niƙa ba, don da shi gidan ke ci. In mayafin talaka ya karɓa, kafin rana ta faɗi ya mayar. Kin gani, an bar masa haƙƙinsa, amma an hana shi yaye wa ɗan'uwansa sutura.

Ni na taɓa karya wannan doka. Ina koyarwa a wajen Malumfashi, wata ta ci bashina na buhun dawa, na yi ta haɗiyewa har shekara. Ran nan an tashi sujada, mata cike a ƙofar majami'a, sai maganar ta kuɓuce mini. Ta biya cikin mako biyu, ashe akuyarta ɗaya tilo ta kai kasuwa. Daga nan ba ta ƙara zama kusa da ni ba har na bar garin. Dawar ta ƙare tuntuni, kunyar tana nan tare da ni. Da na je gidanta tun wata na uku, da magana biyu ta isa.

Batun anko kuma, kada ki yanke hukunci da ido. Mu mata mun san yadda anko ke zuwa: wani kyauta ne, wani ma bashi ne a kan bashi, don gudun a ce ba ki yi kara ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wataƙila kuma da gaske ta raina ki. Ba za ki sani ba sai kin zauna da ita.

Saboda haka ki yi addu'a, ki zaɓi ranar da ba ta sujada ba, ki tafi ke kaɗai. Ki fara da tambayar jikin yaron. Sannan ki faɗa mata a fili cewa kuɗin keke ne, ki tambaye ta nawa za ta iya kawowa duk wata. Ko naira 5,000 ne ku tsayar, ku rubuta. In ta yi ta yi miki hanya-hanya, ki koma da dattijuwa ɗaya mai riƙe sirri daga cikin Zumunta. Kada ki kai maganar taron mata, kada kuma ki sa ta cikin roƙon addu'a, don wannan tsegumi ne da aka yafa wa mayafi.

In kuwa kin tarar tukunyarta ma ba ta hau wuta ba, zuciyarki ta ce ki bar mata, to ki furta da bakinki cewa kin yafe, duka ko rabi, don ta daina sauya hanya in ta hango ki. Ki rubuto mini bayan kin je, ina son jin yadda yaron yake.