Tambayi Bakanike: Robar Injin-sit Tana Ta Tsagewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ina gyara tsohuwar Peugeot 504 salun da na gada daga mahaifinmu. Na sa mata injin Toyota 22R da giyarsa, amma robar injin-sit, wato robar da inji ke zama a kai, ba ta daɗewa take tsagewa, kuma da na ɗan taka ta sai duk jikinta ya ɗauki rawa. Mai walda ya ce a cire robar, a liƙe injin da ƙarfe zalla a huta. In yarda?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Kada ka yarda, Malam. Robar nan ita ke shanye girgizar inji. Ranar da ka cire ta, girgizar za ta koma kan jikin motar, noti su riƙa kwancewa, walda ta tsage, haƙoranka ma su ji a jikinsu. Kuma ba robar ce mai laifi ba, zaman injin ne bai daidaita ba.

Ka san 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975 injinta a kishingiɗe yake, kusan digiri 45, shi kuwa 22R a tsaye yake, ga shi lita 2.4, ya fi na asali mai lita 2 ƙarfin murɗawa. Saboda haka ƙafafun ƙarfen da ke riƙe injin Toyota ba za su taɓa haɗuwa da mazaunin asali ba. Abin da aka saba yi a gareji shi ne a sa ƙarfe a banƙare robar har rami ya haɗu da rami, a ɗaure. Robar da aka ɗaure a miƙe kuwa ta fara mutuwa tun ba a tayar da mota ba. Ita dannawa take so, ba ja ba.

Rawar da kake ji, na fi zargin baya. A salun ɗin 504 farfela, wato sandar da ke kai juyin giya zuwa tayoyin baya, cikin bututu take, bututun ne ke haɗa giya da aksul na baya. Giyar Toyota kuwa tana son gadar ƙarfen da za ta tallafe ta a ƙasa, da giya-sit nata na roba, da farfela mai kuros, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasawa tana juyi. To a nan ake ɓata aiki. Sai ka ga an tallafe wutsiyar giya da guntun ƙarfe duk inda hannu ya kai. Ya kamata inji da giya su ɗan sunkuya baya kamar digiri 3, kusurwar kuros na gaba da na baya su yi daidai, bambancin bai wuce digiri 1 ba. Wayarka ma za ta auna maka wannan. In kuma an cire bututun ba a yi wa aksul wani abin riƙo ba, a fara da shi kafin komai, don wannan maganar rai ce.

Ga yadda zan yi da motar tana gabana. A kwance duka, a rataye inji da giya a haɗe, a ajiye motar kan tayoyinta a ƙasa mai lebur. A saita injin tsakiya, a bar tazarar akalla santimita 2 tsakanin kaskon man inji da ƙarfen sitiyari, a rufe bonet a gani, a duba fanka da lagireto da hanyar salansa. Sai a ɗaura sabuwar roba, a yanka kwali a fitar da siffar ƙafa, a mayar da ita kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6. Mai walda ya ɗan ɗiga kawai, a sake aunawa, sannan a cire robar a yi cikakkiyar walda, don zafi yana ƙona ta. Kusoshi a sa masu lamba 8.8 a kai.

Robar kuwa ka nemi ta Hilux mai wannan injin, kasuwar Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka rasa ba. Ka kuma je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardunka kafin ka hau titi.