Tambaya da Amsa: Abin da aka ɗebo a teku, na waye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu, wani abokin aikin malamina ya aiko mana da samfurin soson teku a 'yar kwalba don mu gwada ko yana kashe bakteriya, kuma wallahi sakamakon ya yi kyau. Yanzu mujallar da za ta buga aikin ta ce sai mun kawo shaidar izinin ɗebo shi. Dan Allah teku ba na kowa da kowa ba ne? Wa za mu nemi izininsa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Toh gaskiya mujallar nan ta yi miki gata, don gara a tsayar da ke yanzu da a ce sai kamfani ya zuba kuɗi sannan magana ta taso.

Abin da zai raba gardama shi ne a ina aka ɗebo soson. A dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, duk ƙasar da ke bakin teku tana da iko da albarkatun ruwa har mil 200 (mil na teku) daga gaɓarta. In a ciki aka ɗebo, yana da mai shi. Nan ne yarjejeniyar Nagoya ke shigowa, wadda aka amince da ita a Japan a 2010 ta fara aiki a 2014, kuma abu biyu take nema: a sanar da ƙasar me za a yi da abin ta ba da izini tun kafin a taɓa, sannan a rubuta yadda za a raba amfanin da ya fito. Amfanin ba lallai kuɗi ba, yana iya zama horar da masu bincikensu, ko sa sunansu a takardar binciken, ko ba su kayan aiki da sakamakon gwaji. Sai dai kowace ƙasa da dokarta, wasu sun tsaurara wasu ba su neman izini kwata-kwata, kuma Amurka ma ba ta cikin yarjejeniyar.

Kar ki ga wai ɗan soso ne. Maganin ciwon daji (kansa) mai suna Halaven asalinsa daga wani soso ne na tekun Japan, Yondelis, shi ma na ciwon daji, daga wata 'yar halitta ta ruwan Karebiyan, Prialt na ciwo mai tsanani kuwa daga dafin dodon koɗin teku. Wani bincike a 2018 ya nuna kamfani ɗaya tak, BASF na Jamus, shi ke da kashi 47 cikin ɗari na jerin ƙwayoyin gado (DNA) na halittun teku da aka yi wa rajistar mallaka. Ni kam wannan lissafi yana ci min rai, don ƙasashe da yawa ga teku a ƙofarsu amma ba jirgin bincike ba ɗakin gwaji, sai dai su sayi maganin da tsada.

In kuma can tsakiyar teku ne, bayan mil 200, wato kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya, da can kowa ya ɗeba ya wuce. An amince da sabuwar yarjejeniya kan halittun wannan yanki a Yunin 2023, ƙasashen da suka tabbatar da ita suka cika 60 a Satumban 2025, ranar fara aikinta 17 ga Janairun 2026. Ita ba izinin wata ƙasa take nema ba, sanarwa ake yi kafin tafiya da bayanta, a ba samfurin lamba da za a riƙa bin sawunsa.

Yanzu ki rubuta wa wanda ya aiko da kwalbar, ki ce ya turo miki ainihin wurin da aka ɗebo, ranar, lambar izini da takardar miƙa samfur, ki duba ko ta yarda a ba wani na uku kamar ku, da kuma ko bincike kawai aka yarda ko har kasuwanci. In ya ce babu, ke da malaminki ku tuntuɓi ofishin da ƙasar ta ware don harkar Nagoya ku yi musu bayani. Kafin amsa ta zo kar ki ɗora jerin DNA ɗin a intanet, kar kuma ki ba kowa ragowar abin da ke cikin kwalbar.