Yaya zan sa alama a ƙololuwar kowane layi a zane mai fuska uku?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, aikina kan yadda gawayi ke tsotse rinin metilin bulu daga ruwa. Duk bayan minti goma nake auna yawan hasken da ruwan ke sha a zangon haske daban-daban, kowane awo layi guda, na samu layi ashirin, na jera su a zane mai fuska uku (3D) a manhajar Origin. Mai duba aikina ya ce sai ya ga alama a ƙololuwar kowane layi. Wani mai shagon kwamfuta ya ce zai ɗiga min su da hannu. Ranar kare aiki ta matso, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yata, aikin bai kai na yini guda ba. Amma kada ki kuskura ki ba mai shagon nan.

Allon kwamfuta shafaffe ne. Don ido ya ga zurfi, manhaja kan ture layukan baya sama da gefe, na gaba kuma su tare na baya. Shi ya sa layin ƙarshe, wanda rininsa ya kusa ƙarewa, zai iya bayyana sama da na farko. To mai ɗigawa da hannu me yake bi? Hoto. Ki ɗan juya zanen, layin zai gudu ya bar ɗigon a tsaye.

Wannan abu ya ishe ni. Ɗalibi ya kawo kundi, kibiyoyi reras gwanin sha'awa, ka tambaye shi nawa ne adadin wannan ƙololuwar, sai kame-kame. Rinin naki ma yana da tarko: babbar ƙololuwarsa tana wajen zangon haske (wavelength) na nanomita 664, amma akwai 'yar kafaɗa kusa da 612. Mai shago bai san da ita ba, bai damu ya sani ba, kuɗinsa yake jira. In zanen ya karkace sai ya ɗora kibiya a kafaɗar. Lambobin nan kuwa da su za ki lissafa saurin tsotsewar, kin ga kuskure ya bi babi guda ke nan. Wasu masu duba aiki ma da laifinsu, in zane ya yi kala-kala sai su sa hannu.

Koma kan lambobinki. Kowane layi a nemo ƙololuwarsa daban. Manhajoji na da kayan yin haka: a Origin akwai Peak Analyzer, a MATLAB findpeaks, a Python find_peaks na scipy. Taƙaita neman tsakanin 600 da 700, domin rinin yana da wata ƙololuwar wajen 292, kuma idan ya dusashe tsalle-tsallen na'ura kan fi shi tsayi. Umarnin "ɗauko mafi girma" kawai zai yi ta kwaso miki shara. Ki sa sharaɗin yadda ƙololuwa za ta ɗara kewayenta, wato MinPeakProminence a MATLAB.

Za ki samu tebur mai jeri uku: zangon haske, lokaci, tsayi. Shi za ki ɗora a kan zanen a matsayin ɗigo-ɗigo. A MATLAB umarnin hold on ne sannan plot3. Yanzu duk yadda kika juya, alamun za su bi layukansu.

In za ki goge kaushin layi, hanyar Savitzky da Golay ta 1964 ta isa, amma da 'yar ƙaramar taga (wato yawan lambobin da ake haɗawa a goge lokaci guda), mai faɗi tana daddanne ƙololuwa. Ki kuma duba ko kin tace samfurin da kyau, don ƙurar gawayi tana ɗaga layin gaba ɗaya. Wanda shan haskensa ya haura 2 a sirka shi da ruwa a sake aunawa.

Teburin nan ki sa shi a kundin, tare da zane mai fuska biyu na tsayin ƙololuwa da lokaci. A kansa za a fi yi miki tambaya ranar.