Robar da ke jin taɓawa: ga yadda na yi tawa

Malam, ka tambaya ko ana iya haɗa robar da ke jin taɓawa a gida. Ana iyawa, ni a ɗakina a Agege na gwada.

Nemi silikon mai ruwa biyu, wato ruwan roba kala biyu da ke daskarewa in an haɗa su, ka kwaɓa da garin bakin fensir. In ka danna, ƙwayoyin garin sai su matsu, wutar lantarki ta samu hanya. Ɗora wayoyin mitar masu gyaran lantarki (multimeter) a kan robar, ka saita ta a awon yadda abu ke tare wuta, in ka danna sai ka ga lambar tana sauka. Garin in ya yi kaɗan, lambar ba ta motsawa. In ya yi yawa kuma, robar ta riƙa farfashewa kamar ƙuli-ƙuli.

Kada ka kwaɓa da safar hannu irin ta asibiti wadda aka yi da latex, wani silikon ba ya daskarewa in ta taɓa shi. Nawa kwana biyu yana danƙo! Mita kuwa, leƙa Computer Village a Ikeja.