Ranar da Kamaru ta doke Ajantina, ni kuma na sha kunya

Ɗana, saƙonka ya iso. Karatun farko dariya na yi har innarku ta leƙo tana tambayar ko lafiya, a na biyu kuma sai dariyar ta ragu. Ka ce an tashi wasa kuna zaune ana gardamar fanaretin da alƙali ya bayar, hira ta zame ta koma siyasa, daga nan ta faɗa kan tallafin da gwamnatoci ke ba manoma. Wani dattijo sa'an mahaifinka ya ce tallafi ɓarnar kuɗi ne, kai kuma ka ce masa bai san abin da yake faɗa ba. Da bakinka? Allah ya kyauta. Yanzu ana cewa ka yi rashin kunya, kana tambayata ko al'ada ta hana yaro musa wa babba ko da a wurin ƙwallo ne, inda kowa ke ɗaga murya.

Hirar ƙwallo dai tun da na san ta ba ta taɓa tsayawa kan ƙwallo ba. Ina ganin dalilin shi ne a nan kaɗai yaro ke ce wa mai furfura "Baba, ba haka ba ne" a yi dariya a wuce. Da zarar wannan ƙofa ta buɗe, siyasa da ciniki sai su biyo ta ciki, yaro kuma ya manta cewa an sauya ɗaki. Ni ma na taɓa mantawa.

Ranar Juma'a ce, 8 ga watan Yuni 1990, wasan buɗe gasar cin kofin duniya a Italiya. Ajantina mai riƙe da kofi, da Maradona a ciki, za ta kara da Kamaru a filin San Siro na birnin Milan. Mun cika falon wani maƙwabcinmu, manya a kan kujeru, mu samari a ƙasa, wani yaro a waje yana riƙe da eriya ana yi masa ihu "juya, juya, tsaya nan!" A kujerar kusa da taga akwai wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya, abokin kakanka. Ba ya rabuwa da ƙaramar rediyo, ko ana kallo tana kan cinyarsa.

Bayan hutun rabin lokaci alƙali ya ɗaga wa ɗan wasan Kamaru André Kana-Biyik jan kati. Ɗaki ya ɗauki salati. Ba a yi minti 10 ba ɗan'uwansa François Omam-Biyik ya yi tsalle kamar za shi sama, ya sa wa ƙwallo kai. Ba ma wani ƙarfi gare ta ba, amma ta zame wa mai tsaron gida Pumpido ta shige raga. Yaron eriya ya saki eriya ya shigo da gudu, hoto ya ɗauke, aka kora shi waje da dundu. Dab da tashi Caniggia na Ajantina ya taho da ƙwallo kamar barewa, ya tsallake mutum biyu, sai Benjamin Massing ya kwashe shi har takalmin Massing ɗin ya fita. Wani jan katin. Kamaru ta ƙarasa da mutum 9, ta ci 1 da nema.

Malamin gona ya ce alƙalin ya yi son kai, ai Bafaranshe ne, Michel Vautrot. Na ce masa, "Baba, wannan shurin ko a kasuwa aka yi shi sai an kai mutum gaban hukuma." Aka kwashe da dariya, shi ma har da buga ƙafa. Kaina ya kumbura.

Daga maganar Bafaranshe sai wani ya ce haka Turawa suke, su ne 'yan wasa su ne alƙalai, har a ciniki. Malam ya gyara zama ya fara bayani. Ya ce tun 1962 ƙasashen Kasuwar Tarayyar Turai ke da tsarin sayen amfanin manominsu a farashin da ya fi na kasuwar duniya. Manomi ya ga babu asara, ya yi ta nomawa, har man shanu da alkama da nama suka taru a rumbuna babu mai saye. Sai gwamnati ta ƙara biyan wani kuɗin a fitar da rarar waje a karyar da ita. Wanda ya yi kiwo ko noma da guminsa kaɗai a wata ƙasa, ya kai kasuwa ya tarar an riga an karya farashi. Yana cewa, "Ita kanta Ajantinar nan da kuke murnar an doke…" sai na tari numfashinsa. Na ce, "Ai duk ɗaya suke, Turawa ne, bar su su ji yadda ake ji."

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da har yau in na tuna sai na ji zafi a kunnena. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Me Ajantina ke sayarwa duniya?" Na ce ban sani ba. Ya ce alkama da naman shanu, su ne kuwa abin da Turai ke zubarwa da rangwame. Ya ce tun 1986 ta haɗa kai da Ostireliya da Birazil da wasu a garin Cairns na Ostireliya suna neman a soke irin wannan tallafi. "A fili abokiyar gaba ce, a kasuwa kuwa ciwonku ɗaya. Da ka bari na kai aya da ka ji." Ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Da dare kakanka, Allah ya jiƙansa, ya kira ni. Na ɗauka zai ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Bai faɗi wannan ba. Cewa ya yi mahaifinsa na gaya masa, wanda ya tari numfashin babba ya sayi rabin magana da cikakken mutuncinsa. Ya ce na farko da na musa ai ba wanda ya ji haushi, don na ga shurin da idona. Na biyun fa, me na gani? Magana zarar bunu ce, in ji shi, gobe da sassafe ka je ka gaishe shi. Na je. Malam bai ko tayar da zancen ba, Roger Milla ya yi ta yabo, wai mai shekara 38 yana gudu haka. Da Disamba ta zo, taron ciniki na duniya ya watse a Brussels a kan wannan rigima ta tallafin noma, sai ya aiko a kira ni, ya miƙo mini rediyo ya ce in saurara da kaina.

Rigimar ba ta mutu da shi ba. A 2003 a taron ciniki na duniya a Cancún ta ƙasar Meziko, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka tsaya kan tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, taron ya tashi baram-baram. Sai 2015 a Nairobi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta amince a daina tallafin fitar da amfanin gona waje, amma na cikin gida yana nan. Saboda haka in cewa ka yi masu arziki ma suna tallafa wa manomansu, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai dattijon naka shi ma yana da abin kamawa. New Zealand ta janye nata tun 1984, noma bai mutu ba. A Turai kuwa yawanci da faɗin gona ake biya, mai babbar gona shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Wa ya sani ko can ya nufa? Ka bari ya kai?

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, kun ɗauki siyasa kamar kulob. Mutum ya zaɓi ɓangare kamar yadda ya zaɓi riga, in nasa ya yi ƙeta ya ce alƙali ne, in na wani ne ya ce a ba da jan kati. Ga waya a hannu, babba na magana ana latsawa ana neman abin da za a ƙaryata shi da shi, ba a ma ji ƙarshen zancen ba. Mu ma ba waliyyai ba ne, ka dai ji abin da na yi, amma aƙalla akwai mai kiranmu da dare.

Ka je ka gaishe shi, kada ka ɗauki waya. In hira ta yi daɗi ka tambaye shi tallafin wanne yake nufi, kuma hannun wa yake faɗawa. Sannan ka rubuto mini abin da ya ce, har da batun fanaretin, don ni ma na kalli wasan kuma a ganina dattijon ne da gaskiya a wannan.