Tambayoyinku kan kansar furostet

Likita, furostet ɗin nan ita ce mafitsara? Daga Gusau.

A'a. Wani ƙululu ne kamar girman goro, a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari. Maza kaɗai ke da shi.

Shekarata 62, ina tashi fitsari sau biyar da dare. Kansa ce? Daga Maraɗi.

Baba, galibi kumburin tsufa ne, ba kansa ba. Amma daga gida ba a rarrabewa. Ku je asibiti a yi gwajin jini na PSA, wato wani sinadari da furostet ke fitarwa, likita ya duba ku. Kada a ce muku sanyi ne.

Maigidana yana da wannan kansa, ana yi masa allura duk wata uku. Tun da aka fara ba ya kusantata, ga zafin jiki da gumi. Wani mai kemis ya ce zai yi masa allurar ƙarfin maza. Mu yarda? Daga Gombe.

Hajiya, don Allah kada ku yarda. Wannan tambayar ta tayar min da hankali.

Abincin wannan kansa shi ne sinadarin maza, testosteron, wanda mafi yawansa daga 'ya'yan maraina yake fitowa. A cikin ƙwayoyin furostet akwai wani abu kamar kwaɗo, sinadarin kuma shi ne makullinsa. Da ya buɗe, sai ƙwayar ta samu umarnin ta girma, ta rabu biyu. Tun 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa idan aka yanke wa kansar wannan sinadari sai ta lafa, har ya samu kyautar Nobel a 1966. Allurar da ake yi wa maigida aikinta ke nan, hana maraina samar da shi. Rashin sha'awar da gumin daga nan suke.

To, allurar mai kemis fa? Irin wannan allura tana iya zama testosteron zalla. Likita na kashe wuta, wani na zuba mata fetur! Haka ma haɗe-haɗen da ake tallarsu da lasifika a tasha, ba wanda ya san abin da ke ciki. Na gaji da ganin dattijan da aka kawo a kan tabarma bayan an bar asibiti an koma wa kwalabe.

Na san abin da ciwo, kuma maza na jin nauyin faɗa. Ku raka shi wurin likitansa ku yi maganar a fili, akwai abin da za a iya yi. Kada ya tsallake allura ko ɗaya. Bayan wani lokaci kansar takan koyi dabara, ta ƙara yawan kwaɗunan ko ta riƙa haɗa sinadarin da kanta, shi ya sa ake bibiyar PSA don a ƙara magani irin su abiraterone. Kuma ƙashi ta fi son kamawa, musamman na baya da ƙugu. Idan ya fara ciwon baya mai tsanani, ko ƙafafu suka yi nauyi, ko fitsari ya tsaya, a ranar za ku tafi asibiti, ba gobe ba.

Kansar furostet ce ta kashe mahaifinmu, yayata kuma tana da kansar mama. Akwai alaƙa? Daga Kumasi.

Tana yiwuwa, Malam. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, haɗarinsa ya kai ninki biyu. Akwai kuma ƙwayar gado mai suna BRCA2, aikinta gyara ɓarnar da ke faruwa a ƙwayoyin jiki. Idan aka gaje ta da tawaya, tana kawo wa mata kansar mama, maza kuma ta furostet mai saurin yaɗuwa. Ga shi dama baƙar fata sun fi kamuwa. Ka fara gwaji tun daga shekara 40 zuwa 45, ka faɗa wa likita tarihin gidanku, ka ja ƙannenka maza ku tafi tare.

Mace na iya ɗauka daga mijinta? Daga Zariya.

Ko kaɗan. Ba a ɗaukar ta ta wurin kwanciya ko cin abinci tare.